Tambaya da Amsa: Ina Wuraren da Ke Cikin Hotunan Mahaifina Suka Shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi karatu a Amurka lokacin ina ƙarama, kuma a wani hutu ya kai mu wurin shaƙatawa na Walt Disney World da ke jihar Fulorida, ni da mahaifiyata da yayana. Bayan rasuwarsa muka sami kundin hotunan tafiyar a ƙasan akwatinsa. Akwai mu a bakin wani tafki kusa da jirgin ƙarƙashin ruwa, akwai mu cikin wani kwando da ke tafiya a kan waya can sama, akwai wani gini da aka rubuta wa Horizons, sannan ga Baba da babbar riga a gaban wata ƙofa irin ta Maroko. Bara Allah ya nufa na kai 'ya'yana wurin da hotunan a jakata, amma ban da ƙofar nan ban tarar da ko ɗaya ba, har sai da na yi ƙwalla. Ina aka kai waɗannan abubuwa, kuma me ya sa? Mama ta ce a 1983 muka je, yayana ya ce bai yarda ba, ko akwai hanyar ganewa? Sannan hotunan sun fara rinewa zuwa ja. Daga wata mai karatu, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ki kwantar da hankalinki, ba ɓata kika yi ba, kuma ba idonki ne ya yaudare ki ba. Abubuwa ukun da kika nema duk an rufe su tsakanin 1994 da 1999, kuma kowanne da dalilinsa.

Bari mu fara da tafkin, domin a ganina shi ne ya fi zama a zukatan yaran wancan zamani. Yana sashen Magic Kingdom, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoban 1971, kuma jiragen sun fara aiki a cikin wannan watan. An ɗauko siffarsu daga wani fim da kamfanin Disney ya yi a 1954, shi ya sa za ki ga jikinsu duk kusoshi, da zarto a gadon baya, da manyan tagogi biyu a gaba kamar idanu. Abin da yara ba su sani ba shi ne jirgin ba ya nutsewa ko kaɗan. A kan dogo yake tafiya, fasinjoji kuwa suna zaune ne a cikinsa ƙasa da saman ruwa, kowa da 'yar tagarsa zagayayyiya, sai a saki kumfa ta rufe gilashin, mutum ya rantse da cewa ƙasa ake yi da shi. Daga nan sai kifayen roba da kangayen wani birni da ruwa ya ci su riƙa wucewa ta gabansa. Matsalar ita ce shiga da fita na cin lokaci ƙwarai, domin ta wata ƙunƙuntar matakala ake sauka ɗaya bayan ɗaya, layi ya yi ta tsawo a cikin rana, mai keken guragu kuma ba shi da hanyar shiga, alhali tun 1990 Amurka ta kafa dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman. Ga kuma ɗawainiyar gyaran kayan da ke kwance cikin ruwa shekara da shekaru. A watan Satumban 1994 aka rufe shi, da farko da sunan gyara, amma ba a sake buɗewa ba. Tafkin ya yi shekara goma yana nan babu jirgi, sai a 2004 aka zuƙe ruwan aka cike ramin. Idan kun hau ƙaramin jirgin ƙasan nan mai gudu na mahaƙar ma'adinai da aka buɗe a 2014, to a wannan yanki kuka taka, ba tare da kin sani ba.

Kwandon da ke tafiya a kan waya sunansa Skyway, yana ɗaukar mutane daga Fantasyland zuwa Tomorrowland, yankuna biyu na Magic Kingdom, ta saman kawunan jama'a. An rufe shi a watan Nuwamban 1999, shekara biyar bayan rufe takwaransa na wurin shaƙatawa na Disneyland da ke Kalifoniya. Shi ma mutane kaɗan yake ɗauka, ga tsufan na'ura, ga wahalar hawa ga marasa ƙarfi.

Horizons ne abin da ni kaina nake jin takaicin rashinsa, kuma ba zan ɓoye miki ba. Yana sashen EPCOT, wanda aka buɗe a 1982, shi kuma ginin aka buɗe shi ranar 1 ga Oktoban 1983. Ana zaunar da iyali a kujerar da ke rataye, ta ratsa da su cikin rayuwar da ake hasashen ɗan Adam zai yi a nan gaba: gona a tsakiyar hamada wadda har ƙamshin lemo ake fesowa mutum ya shaƙa, da gari a ƙarƙashin teku, da mazauni a sararin samaniya. A ƙarshen tafiyar fasinjoji ke danna maɓalli su zaɓi hanyar da za su bi su koma gida. Ba ya firgita kowa, ba ya jijjiga kowa, kaka da jika suna iya zama kujera ɗaya su fito suna tattauna abin da suka gani. Dalilin mutuwarsa kuɗi ne. A wancan lokacin, yawancin manyan gine-ginen EPCOT wani kamfani ne ke ɗaukar nauyin kowanne don tallata sunansa, kuma na Horizons shi ne General Electric. Da kamfanin ya janye a 1993, ginin ya zama maraya. An rufe shi a ƙarshen 1994, aka sake buɗewa bayan shekara guda domin maƙwabtansa na cikin gyara, sannan aka rufe shi gaba ɗaya a watan Janairun 1999, aka rushe. A filinsa aka gina Mission: Space a 2003, na'urar da ke juya mutum da ƙarfi don ya ji abin da 'yan sama jannati ke ji. Na yarda cewa jiragen ruwan sun tsufa kuma sun gaza ɗaukar jama'a, amma a batun Horizons an musanya abin da ke sa yaro tunani da abin da ke sa shi jiri, kuma a wurina wannan asara ce.

Sai dai ya kamata ki san cewa haka aka tsara wurin tun asali. Walt Disney, wanda ya buɗe Disneyland a Kalifoniya a 1955, ya kuma rasu a 1966 kafin a kammala na Fulorida, ya sha bayyana cewa wurinsa ba zai taɓa kammaluwa ba, kullum za a yi ta ƙari da sauyi. Masu kasuwancin suna so wanda ya zo bara ya sami dalilin dawowa bana, filin da ke tsakiya kuma ba ya ƙaruwa, saboda haka duk sabon abu sai ya ci wurin tsoho. Ba ke kaɗai ba ce abin ke yi wa ciwo. Lokacin da aka yi shirin rufe wasan motocin Mr. Toad a 1998, masoyansa sun yi ta taruwa a ƙofarsa da riguna masu rubutu suna roƙon a bar shi, amma hakan bai hana ba.

Game da gardamar Mama da yayanki, hoton Baba ya raba ta, kuma da alama yayanki ke da gaskiya. Sashen Maroko ba ya cikin waɗanda aka buɗe EPCOT da su, sai a watan Satumban 1984 aka buɗe shi. Sarki Hassan na biyu ne ya aiko da magina da masu adon tayil daga ƙasarsa suka yi aikin, inda suka kwaikwayi hasumiyar masallacin Kutubiyya na Marakish da ƙofar Bab Bujulud ta birnin Fas, wadda ina kyautata zaton ita ce Baba ya tsaya a gabanta. Tunda ƙofar ta fito a hoto, tafiyar ba ta riga ƙarshen 1984 ba, tunda kuma jiragen ruwan na aiki, ba ta wuce 1994 ba. Domin ki ƙara matse tazarar, duba hotunan da aka ɗauka a gefen babban tafkin EPCOT ko za ki ga sashen ƙasar Norway mai ɗan cocin katako, wanda aka buɗe a 1988. Ki juya bayan kowane hoto, domin masu wanke hoto na lokacin sukan buga wata da shekara a can, wasu kyamarorin kuma suna sa kwanan wata da jan rubutu a kusurwa. Tsohon fasfon Baba ko takardar shaidar kammala karatunsa, idan suna nan, za su ƙarasa aikin. Ki bi Mama a hankali wajen gaya mata, domin mai yiwuwa shekarar da suka isa Amurka ce ta zauna mata a rai.

Jan da hotunan ke yi kuwa, daga rini ne. Hoto mai launi na wancan zamani rini uku ke haɗa shi, kuma mai ruwan shuɗi-shuɗi ya kan riga sauran dusashewa, sai ja ya rinjaya. Zafi da laima da hasken rana suna gaggauta lalacewar, kuma akwati a ɗakin da ke ɗaukar zafin bazara da raɓar damina ba wurin ajiya ba ne. Abin da ya dusashe a takarda ba ya dawowa, amma ana iya gyara shi a kwamfuta. Ki kai su wurin mai na'urar sikana, ki ce a ɗauke su da ƙarfin ɗigo 600 a kowane inci, gaba da baya, a ajiye kwafi ɗaya yadda yake ba tare da an taɓa launinsa ba, sannan a gyara wani kwafin daban. Idan kundin irin mai danƙo ne da leda a sama, a cire hotunan a hankali, wanda kuma ya manne sosai a bar shi a ɗauki hotonsa a inda yake, kada a yaga. Kada ki yarda a liƙe su da leda mai zafi kamar katin shaida, kuma idan za ki yi rubutu a baya, ki yi da fensir mai laushi, ban da biro. In Allah ya sa baƙin fim ɗin da aka wanke su daga gare shi yana cikin akwatin, ki adana shi, domin sau da yawa ya fi takardar riƙe bayanin hoton.

Abin da na fi so ki gaggauta shi ne zama da Mama, da hotunan a gabanku da waya tana naɗar muryarta. Ki tambaye ta wa ya ɗauki hoton da ku huɗu kuka fito tare, yadda aka tara kuɗin tafiyar da guzurin ɗalibi, abin da kuka ci, inda Baba ya tsaya ya yi salla, da abin da Turawa suka ce da suka ga babbar rigarsa. Tarihin jirgi da gini yana nan a rubuce, kowa na iya samunsa, amma waɗannan amsoshi ita kaɗai ke da su.

Idan kuma kina so 'ya'yanki su ɗanɗani abin da kika ɗanɗana, ba komai ne ya tafi ba. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Disneyland a Kalifoniya, waɗanda suka fara aiki a 1959, an sake buɗe su a 2007 da sabon labari, kuma har yanzu ta 'yar taga ake kallo. A Fulorida an kafa wasu sababbin kwanduna rufaffu masu bin waya a 2019, sunansu Skyliner, suna haɗa EPCOT da wasu masaukai. Lilon dawakan da ke bayan fadar Magic Kingdom tun 1917 aka sassaƙa shi, kuma jirgin ƙasa mai tururi na wurin shi ne dai na 1971. Ki sake duba kundin da kyau, ina tsammanin ba za a rasa hotonki a kan ɗaya daga cikinsu ba. Allah ya raya zuri'a, a gaishe mana da Mama.