Amsa: Shiga shirin horar da ɗalibai kan shugabanci a Jami'ar Jos

Ɗan'uwa, ka ce kana aji biyu, kana son shiga shirin horar da ɗalibai kan shugabanci da hidimar jama'a, amma ba ka san ta inda za ka fara ba.

Fara da ofishin kula da harkokin ɗalibai. Can ake yi wa ƙungiyoyi rajista, sai ka tambaya ko sun san da shirin. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin fom asusun wani mutum, rabu da shi.

Galibi za a nemi katin shaidarka, sakamakon zangon da ya wuce, wasiƙar malami da gajeren bayani kan dalilinka na son shiga. Wasiƙar nan ka nema tun saura mako biyu, malamai ba sa son aikin gaggawa.

Bayanin ne ke kayar da mutane, don kowa "ina son kawo canji" yake rubutawa. Kai ɗauki matsala guda, misali kwatar da ta toshe a Unguwar Rogo. Faɗi wanda gyaran ya rataya a wuyansa, kansila ne ko ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, wa ka tuntuɓa, me aka ce maka. In ka nuna ka san dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata, ka riga ka wuce da yawa daga cikin masu neman shiga.

Kafin ka sa hannu, gwada ranakun taronsu da jadawalin laccarka. In taron ya ci karo da gwaji, makin naka ne zai tafi.