Hukuncin cika harsashi da hannu don gyara saitin bindigar farauta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina farauta da bindiga mai lasisi, amma harsashin kamfani baya faɗa min inda na saita sosai. Shine nake so in riƙa sake cika kwanson harsashin da na harba da kaina, in auna albarushi da zurfin zaman dalmar kan harsashin daidai da gurbin da harsashi ke zama a bindigata. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Toh ɗan'uwa asalin abin halal ne, tunda farauta halal ce kuma gyara kayan aikinta yana bin hukuncinta. Ni ma ina ganin niyyarka tana da kyau, saboda hadisin Shaddadu bn Aus a Sahihu Muslim ya nuna Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai har wajen kisa da yanka. Harsashin da ya kauce ya karya ƙafar barewa ta gudu daji tana jan jiki har ta mutu a wahale, wannan ba ƙaramin abu bane wallahi. Kuma maganarka tana da tushe, don kwanson tagulla idan aka harba shi yana buɗewa ya ɗauki siffar gurbin wannan bindigar, shi yasa wanda aka cika don ita yakan fi zama daram.

Amma sai dokar ƙasar da kake ta yarda, wasu ƙasashen lasisin bindiga daban izinin ajiye albarushi daban, in an hana to ka haƙura. Sannan kar ka wuce awon da littattafan masu wannan sana'a suka ƙayyade, ka fara daga mafi ƙanƙanta da sikeli mai kyau, domin albarushi in yayi yawa ko aka musanya irinsa bindigar tana iya fashewa a fuskarka, Allah kuma ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a Baƙara aya ta 195. Kar ka ba wani abin da ka cika, balle wanda baka san me zai yi da shi ba. Gwajin saiti a jikin takarda zakayi, an hana maida mai rai abin gwajin harbi.

Naman kuma yana ciyuwa in kayi bismillah kuma harsashin ya huda, kamar yadda hadisin Adiyyu bn Hatim ya bambance abin da ya huda da wanda ya buge kawai. In ka riski dabbar da sauran rai sai ka yanka.

Wallahu a'alam.