Kalmar "rauni" a bakin mutanen Zangon Kumasi

Malam, ka tambaya ko mu 'yan Zango muna amfani da "rauni" kamar ku na Kano. Mun san ta, sai dai a nan kalma ce mai nauyi, an fi jin ta a bakin malamai da dattawa. Yaron unguwar Aboabo ko Asawase da ya faɗi daga babur zai ce "na ji ciwo", ba kasafai zai ce "na ji rauni" ba. Wanda jinya ta cinye kuwa, sai a ce ba shi da "karfi", don mu ƙ da k duk ɗaya ne a harshenmu.

Dattawa na rarrabe biyu. Jin rauni na fata da ƙashi ne, akwai jini ko karaya. Yin rauni kuwa ƙarfi ne ya ragu, ko da ba tabo: tsufa, jego, doguwar jinya, gani ko ji. Kada ka yi mamaki in ka ji an ce "Hajiya ya yi rauni". Hausarmu ba ta raba namiji da mace a nan, ba raini ba ne. Amma ba a faɗa wa babba haka a gabansa, sai a ce girma ya zo.

Inda kalmar ta fi zama daram shi ne wajen karatu. Malam zai kawo Suratur Rum, aya ta 54: an halicce mu daga rauni, aka ba mu ƙarfi, sannan rauni da furfura. Hadisi mai rauni kuma shi ne wanda isnadinsa, wato jerin maruwaitansa, ya yanke, ko wani maruwaicinsa ba shi da kyakkyawar hadda. Ɗalibai da yawa na ɗauka ƙirƙirarre ne, alhali wannan daban. Da azumi in an ce a tuna da masu rauni, marayu da zawarawa da tsofaffi ake nufi. Rago ba ya ciki, shi yana da ƙarfin, ƙin motsi ya yi.

A kasuwar Kejetia ba wanda zai tsaya cewa kaya na da rauni. Mai ƙwai za ta ce wa 'yar dako "a hankali, yana fashewa".