Wace Oda Za Ta Fara Hawa Inji?

Tambaya: Malam, muna da masana'antar robobi a Kakuri. Muna son rage shan dizal, mu kuma kai oda kan lokaci. Kwamfuta za ta iya tsara mana aikin?

Amsa: Za ta iya, sai dai ba kowane jeri take gwadawa ba, domin oda 10 kaɗai ana iya jera su hanyoyi 3,628,800. Wata dabarar kwamfuta mai suna NSGA-II, wadda Kalyanmoy Deb da abokan aikinsa suka wallafa a 2002, takan fara da jeri kamar 100, ta riƙa gauraya masu kyau tana watsar da raunana. Zaɓi za ta ba ku: wannan ya rage dizal amma oda biyu sun makara, wancan kuwa akasin haka. Ku tabbata kun saka mata lokacin sauya abin zubi da ɗumama inji, in ba haka ba jadawalin zai rushe tun kafin azahar.