Amsa kan mayar da cajin ilektiron zuwa mAh

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ake mayar da cajin ilektiron zuwa ma'aunin mAh da ake rubutawa a jikin batir. Hanyar ita ce a bi ta kulom, wato ma'aunin cajin lantarki, domin shi ne ma'aunin da ya haɗa su biyun.

Girman cajin ilektiron guda ɗaya kulom 1.602176634 × 10⁻¹⁹ ne, adadin da aka tsayar tun 2019. Shi kuwa kulom ɗaya amfiya ɗaya ce (ma'aunin kwararar lantarki) da ta gudana tsawon daƙiƙa ɗaya, kuma tunda awa tana da daƙiƙa 3,600, mAh ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya da ya gudana tsawon awa ɗaya, ya zama kulom 3.6. Idan ka raba 3.6 da cajin ilektiron, za ka sami kimanin ilektiron 2.25 × 10¹⁹.

Ka juya batirin wayarka, ka ga an rubuta 5,000 mAh: kulom 18,000 ke nan, wato ilektiron kusan 1.12 × 10²³.

Abin da nake so ka kiyaye, domin nan ne da yawa suke tuntuɓe, shi ne mAh caji yake aunawa, ba makamashi ba. Sai ka ninka 5,000 mAh ɗin da ƙarfin batirin, misali bolt 3.7, kafin ka sami 18.5 Wh (wat-awa, ma'aunin makamashi).