Ɗana ya sayi jirgin ruwa a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana da ke aiki a jihar Minesota ya turo mini hoto, shi da matarsa da jikokina a cikin ƙaramin jirgin ruwa, wai nasu ne na shaƙatawa. Ga ginin da ya fara a Tudun Jukun ko rufi ba a yi ba. Wannan ba almubazzaranci ba ne? Daga Hajiya, Ƙofar Doka, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Mu a nan, in ban da Galma da dam ɗin Kubanni da ke Samaru, wane ruwa muka sani? Su ma ba ma barin yara su shiga, saboda tsoron tsargiya da nutsewa. Shi ya sa abin ya zo miki banbaraƙwai.

Inda ɗanki yake kuwa, tafkuna sun haura 10,000. A can jirgin ba lallai sai attajiri ba. Ma'aikaci ma yakan sayi na hannu mai injin Yamaha a baya, ya ɗora a tirela, ya ja da mota ranar Asabar. Abin da yawancinsu ke nema shi ne zama da iyali. Mutum ya yini wurin aiki, yara na makaranta, ba zaure, ba dandali, ba 'yan'uwan da za a kai wa ziyara kamar yadda muke yi ranar Juma'a. A tsakiyar tafki kuwa ba inda yaro zai sulale. Dole a yi hira, a jefa fatsa, a koyi iyo.

Amma ba zan ɓoye miki ba, jirgi na cin kuɗi bayan an saya: mai, gyara, rajista, wurin ajiya. Da sanyi ya shigo kuma tafkunan sukan daskare, sai a lulluɓe shi wata da watanni yana zaune. Maganar rufin gida ki yi masa ita, haƙƙinki ne, sai dai ba ranar da ya turo hoto yana murna ba.

Ni abin da ya fi damuna daban ne. Ba mu manta da ɗaliban Islamiyyar da kwalekwale ya kife da su a Bagwai a 2021 ba. Ki sake duba hoton nan da kyau, Hajiya. Jikokin suna sanye da rigar ceto? In babu, yau ɗin nan ki kira shi.