Kabewar Turawa a lambunmu na Manchester

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Inna da duk mutanen gida a Tudun Wada.

Ka tambaye ni abin da ke kai mu lambu duk Asabar alhali kantuna cike suke da abinci. Yaya, ƙullin alayyahun da za a ba ka gyara a kasuwar Sabon Gari, a nan sai ka ciro kuɗi. Shi ya sa Hausawan da suka daɗe a garin nan kusan kowa na da ɗan abin da yake shukawa. Mai fili a bayan gida ya yi a can, wanda ba shi da shi ya karɓi haya a filayen da ƙaramar hukuma ta ware, ko da yake jiran layi kan kai shekaru.

Abin da ya fi karɓar mu shi ne zukini, 'yar uwar kabewa, doguwa koriya kamar kokwamba. Danginta daga nahiyar Amurka suke, amma manoman arewacin Italiya ne suka fitar da wannan nau'in a ƙarni na 19. Ba ta jure sanyi ko kaɗan. A watan Afrilu muke shuka iri a ƙananan tukwane bakin taga, sai ƙarshen Mayu mu dasa a waje, mu bar wa kowane tushe kusan mita guda, mu zuba taki sosai. Dodon koɗi ne babban maƙiyinta tana ƙarama. Dare ɗaya ya isa ya cinye dashe.

Shekarar farko 'ya'yan zukinin nawa suka riƙa yin rawaya suna ruɓewa tun suna kamar ɗan yatsa. Wata baiwar Allah 'yar Kano ta nuna mini dalili. Furen iri biyu ne, namiji da mace, macen ce ke da ɗan kumburi a gindi. In ruwan sama ya hana ƙudan zuma fitowa, da sassafe sai ka tsinko namijin ka goga a cikin macen. Tun ranar ban sake asara ba.

Ana tsinke zukinin tana da tsawon santimita 15 zuwa 20. In ka bari ta ƙosa, uwar sai ta rage haihuwa. Tushe uku sun ishe mu daga Yuli har Satumba, ragowar mu kai masallaci ranar Juma'a kowa ya ɗiba. Miyar taushe nake yi da ita. Ba ta kai kabewa zaƙi ba, kuma ruwa gare ta, don haka nakan rage ruwan miya in ƙara gyaɗa. Shinkafa da gero dai dole mu saya, amma kayan miya na waɗannan watanni daga hannunmu suke fitowa.

In za ka gwada, bari damina ta ɗauke, ka shuka da ban ruwa lokacin da masu lambu a bakin kogin Galma ke dashen tumatir. Tushe biyu kusa da rijiyar gida sun isa farawa.